Na Hau Dandamali Ba Filo

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa lafiya, kuma jikin Yaya da sauƙi bayan aikin da aka yi mata. Ki ce mata ta daina hanzarin tashi, tsintsiya ba za ta gudu ba. Mu nan ƙalau muke. Auta ta ƙona tukunya, amma gidan yana nan tsaye.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne duk abin da na faɗa miki da baki, sai ki ce wasa nake. Ban ga laifinki ba, tunda sana'ata ke nan.

Wata matashiya mai shirya wasan dandamali, sa'ar babbar 'yarmu, ta same ni a ɗakin kwalliya na gidan talabijin, ina cikin cusa filon nan a riga don tumbi ya fito. Ta ce ta rubuta wasa, kuma ni take so. Labarin wani uba ne da aka kira masana'anta ya karɓi kayan ɗansa bayan inji ya kashe shi. Na tambaye ta a ina uban zai yi tuntuɓe. Ta ce ba ya tuntuɓe. Ba filo, ba gemun roba, ba karyayyen tabarau. Na ce to me ta gani a jikina? Wai ta taɓa hango ni a bakin titi ina jiran mota, ban san ana kallona ba, kuma wannan fuskar take nema.

Shugaban shirinmu na barkwanci ya ce idan na tafi ba zai ajiye mini gurbi ba, masu kallo ba sa jira. Gaskiya ya faɗa. Duk da haka na amsa mata. Ban san takamaiman dalili ba. Abin da na sani, kwanakin baya na yi faɗuwar nan tawa daga kan kujera, jama'a na ta ƙyaƙyatawa, ni kuwa ina kwance a ƙasa ina tunanin ko na kashe fankar ɗakina.

Ki huta lafiya.

Naki,
Baban yara

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Ya jikin Yaya, ya kuma gajiyar jinya? Allah ya ba ki lada. Amsarki ta iso. Na karanta abin da kika ce game da karatun Auta, da cewa mutum mai furfura ba ya sauya sana'a. Ba ni da abin da zan ƙara a kai, kin fi ni gaskiya.

Muna gwaji a wani ɗaki da ke saman shagon masu buga takardu, warin tawada har cikin maƙogwaro. Kayan wasan duka tebur ne da kwali ɗaya. A tsakiyar wasan akwai wurin da zan buɗe kwalin, in fito da rigunan aikin yaron, in ninke su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na ce uffan ba. A nan nake kasawa kullum.

Ashe fuskata ta daɗe da daina jin maganata. Ina ɗaga riga, gira ta ɗaga kanta, baki ya karkace. Sai yarinyar nan mai shirya wasan ta tafa hannu ta ce, “Baba, girar nan ta sake.” Sauran 'yan wasan, duk sa'o'in 'ya'yan cikina, su juya baya suna danne dariya don girmamawa. Ban san ina tsoron shiru ba sai yanzu. Da ɗaki ya yi tsit nake jin kamar an kama ni da sata, in yi sauri in cike shi da wani abu.

Jiya na shiga shagon aski, talabijin a kunne. Mutumin da ke fitowa a matsayin yarona a shirin, shi ne yanzu sanye da filona. Faɗuwarsa ba ta kai tawa ba, yana sa hannu kafin ya kai ƙasa. Amma shagon ya yi dariya sosai, har mai askin ya ajiye almakashi. Ba wanda ya tambayi ina nake.

Daga nan na wuce in gaya wa yarinyar na fasa. Ba ta roƙe ni ba. Ta ce to, amma in taimaka in kwashe rigunan da ke zube a ƙasa kafin in tafi. Na durƙusa na ninke su, raina a ɓace, ina tunanin yadda zan koma in ba shugaba haƙuri. Da na ɗago sai na ga duka sun tsaya suna kallona. Ta ce abin da take nema ke nan tun ranar farko. Na ce ai ban yi komai ba. Ta ce ta sani.

Saboda haka ban fasa ba. Ki yi mini addu'a, ko da kina fushi.

Naki,
Baban yara

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Na ji Yaya ta fara takawa har ƙofar gida, alhamdu lillahi. Ki gaishe ta da kyau. Kin ce in ba ki labarin wasan ba ƙari ba ragi, ga shi.

Zauren ya cika, yawancinsu saboda sun ga hotona a jikin bango. Ina fitowa, ban ma kai tebur ba, suka fashe da dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya, “Baba, ina tumbin?” Aka ƙara shewa. Amsa tana bakina, irin wadda za ta kwantar da zauren a ƙasa. Na haɗiye ta. Na tsaya riƙe da hulata, ina jiran ma'aikacin masana'anta ya kawo kwalin.

Dariyar ba ta mutu lokaci ɗaya ba. Ta riƙa tsinkewa nan da can, kowa na jiran in faɗi. Wasu samari suka tashi suka fice suna cewa an yaudare su. Na buɗe kwalin. Na ninke riga ta farko, na ninke ta biyu. Har na kai ta ƙarshe ban ji komai ba sai ƙarar fanka da tarin wata mata a layin gaba.

Ba zan ce miki na yi abin kirki daga farko har ƙarshe ba. Na manta layi a wuri guda, girar kuma ta motsa sau ɗaya, yarinyar ta gani. Tafin da aka yi bai kai rabin wanda na saba ba. Wani ɗan jarida ya rubuta cewa in koma abin da na iya. Gidan talabijin ba su neme ni ba, ban kuma sa ran za su nema ba. Idan kin dawo za mu zauna mu duba yadda za a yi da gida.

Da na fito ta ƙofar baya, na tarar da wani dattijo a tsaye, sanye da rigar masu gadi. Na ɗauka hoto yake so, har na fara gyara fuska. Ya ce shi dariya ya zo yi, abokansa ne suka ce ya fito ya sha iska. Ya ce shi nasa ɗan, direban babbar mota ne, bara ya rasu aka kawo masa kayansa a leda, kuma har yau ledar tana ƙarƙashin gado, ba wanda ya kwance ta. Sannan ya tambaye ni ko gobe ma za a yi. Na ce za a yi. Ya ce to, zai zo da uwar yaron.

Na ce a ajiye musu kujeru biyu kusa da ƙofa, ko za ta so fita.

Auta na gaishe ki. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Mijinki,
Baban yara