Ɗaurin da Yaya Bai Yi Ba

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yau sati uku da fitowata daga gidan yari. Ban neme ka ba, kai ma ba ka neme ni ba.

Shekaranjiya ina kwance ƙarƙashin mota a garejin da na samu na raɓa, sai na ji muryarka a rediyo. Mai shirin ya ce ga shugaban cibiyar farfaɗo da 'yan ƙwaya da tsofaffin fursunoni, mutumin da ya ɗanɗana da kansa. Na ajiye sifana na kasa kunne. Ka ba da labarin ɗaki mai mutum arba'in da bokiti ɗaya. Ka ce jikinka ya yi ta karkarwa kwana tara da ƙwaya ta yanke maka, har wani tsoho ya ɗaure maka hannu da rigarsa don kada ka yage fuskarka. Yaya, hannuna tsohon nan ya ɗaure. A wasiƙata ta biyu na rubuto maka, ko kalma ba ka canza ba.

Katan-katan ɗin ƙwayar da 'yan sanda suka samu a garejina naka ne. Ni mashayi ne, ban taɓa musu ba, amma kai ne dila. Umma ta kama ƙafata tana kuka, ta ce matarka na da ciki, in rufa maka asiri. Na rufa, na sha shekara shida. Umma ta rasu ina ciki, gandiroba ne ya gaya mini a bakin famfo. Duk wannan na haɗiye. Amma ka jefa ni wuta sannan ka zauna kana jin ɗumi da ita, wannan ba zai wuce ba. Rama cuta ga macuci ibada ne.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Na yi farin cikin samun takardarka, na kuma yi wa Allah godiya da ya fito da kai lafiya. Rashin zuwana ayyuka ne suka yi yawa.

Na fahimci ɓacin ranka. Amma ka dubi abin da idon basira. Mutum talatin da ɗaya ne ke kwana a cibiyar nan, muna koya musu kafinta da walda. Mutanen nan ba sa sauraron wanda bai shiga inda suka shiga ba, masu tallafa mana ma haka. Labari ne kawai na ara, kuma ya ceci rayuka. Na bar waccan sana'a tun ranar da aka yanke maka hukunci, wannan aiki shi ne tubana. In ka yi magana, ba ni za ka rusa ba, su ne.

Muna neman direba. Akwai ɗaki a bayan ofis, da katifa sabuwa. Ka zo ranar Litinin mu yi magana irin ta 'yan'uwa, amma ka ce wa maigadi kai ɗan unguwarmu ne, kafin in shirya yadda zan gabatar da kai.

Wassalam.
Yayanka

*

Zuwa ga Sista, shugabar amintattun cibiya,

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa. Ba ki san ni ba. Ni makanike ne, ƙanen shugaban cibiyarku, uwa ɗaya uba ɗaya. An ce mini ke kika ba da gidan da cibiyar take ciki bayan ƙwaya ta kashe miki ɗa, shi ya sa na zaɓe ki.

Ranar Alhamis na je zaman da suke yi a falo. Na zauna a baya kusa da tagar da gilashinta ya fashe, na ja hula. Yayana ya tsaya a gaba da farar riga yana ba da labarin ɗaurinsa. Wani dattijo da suke kira Kafinta ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Shugaba, ni har yau in na ji ƙarar makulli sai fargaba ta kama ni. Kai yaushe ta sake ka?"

Yayana ya ce, "Da haƙuri da addu'a, cikin wata uku ta wuce."

Kafinta ya sunkuyar da kai ya ce, "To ni ne rago ke nan."

Ba rago ba ne, Sista. Ba ta sakin mutum. Wanda ya ba shi amsa bai taɓa kwana a bayan ƙofar da ba shi da makullinta ba. Ga kwafin takardar sallamata, ga wasiƙar da ya rubuto mini da hannunsa. Ki ce ya nuna miki tasa takardar sallamar.

Ba zan yi miki ƙarya in ce don tausayin mutanenku nake yi ba. So nake in ga ya tsaya tsirara a gaban waɗanda suka yi masa tafi.

Na bar ki lafiya.
Makanike

*

Ɗana,

Na amsa gaisuwarka, Allah ya yi maka albarka. Takardarka ta iso, na karanta sau uku.

Na kira yayanka ofis na ajiye takardun a kan tebur. Bai yi musu ba. Ya ce a bar shi ya sauka a asirce, a ce rashin lafiya ne. Na ce a'a, a falo ya faɗi ƙaryar, a falo zai janye ta. Ya tsaya ya faɗa, muryarsa ba ta fita sosai. Babu wanda ya zage shi. Wani ya tashi ya cire hotonsa daga bango ya kife a ƙasa, shi ke nan.

Abin da ka nema ka samu. Ga sauran labarin, don hakkinka ne ka sani. Mutum tara sun kwashe kayansu a satin nan. Kafinta na cikinsu, ya yi wata goma sha huɗu bai sha komai ba. An ce an gan shi a bayan tasha ba ya gane mutane. Ban ɗora maka laifi ba, ni ce na ba mutum amana ban bincika ba.

Ni shekara talatin na yi ina ba da magani a asibiti, amma in na buɗe baki a falon nan kallon bango suke yi. Ba shugabanci nake maka tayi ba, ban san ka ba tukuna. Cewa nake ka zo ka zauna da su ranar Alhamis, ko da fushin naka ne.

Ka gaida abokan aikinka.
Sista

*

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Matata ta tafi gidansu da yara. Babbar ta dawo daga makaranta ta tambaye ni wane ne ya yi ɗaurin, na gaya mata. A layinmu in na fito sai hira ta tsaya.

Ka huce?

Yayanka

*

Yaya,

Na amsa. Ban huce ba, kada ma ka zauna jira.

Jiya da rana na samo Kafinta a bayan tasha, na goyo shi har cibiya, ya yi mini amai a wuya. Da ya farfaɗo ya tambaye ni ko za ka dawo. Na ce ban sani ba.

Zaman Alhamis ƙarfe huɗu ne. Ba a hana kowa kujera. In ka zo, kai za ka fara magana, ka fara daga mutanen da ka sayar wa, ɗaya bayan ɗaya. Ina layin gaba, kuma zan gyara maka duk inda ka tsallake.

Sai na gan ka.
Ƙanenka