Kwandon da Ba Shi da Gindi

Maliki, Lubabatu ta yi fice! Jikar tawa ce ta fi kowa jefa ƙwallo cikin kwando a kwalejin 'yan mata ta nan Ikko, kuma bana ta shiga. Af, ban ko gaishe ka ba. Yaya iyali da mutanen Amarawa?

Lafiya lau nake, sai dai cikina ya ƙi abincin garin nan. Kada matata ta ji.

Amma hankalina bai kwanta ba. Kwandon nasu ba shi da gindi. Duk ƙwallon da ta jefa sai ya faɗo ƙasa, Baturiyar da ke koya musu ce kaɗai ke faɗin wadda ta fi. Na ce wa Baturiyar a kasuwar Illela ba mai auna albasa da fasasshen kwando. Ta yi dariya. Dariyar mi? Lubabatu ta ce, "Kaka, haka wasan yake." Yarinya ce, ba ta san mutane ba.

Bayan sallah za a yi karon ƙarshe, a ba gwana kofi, kuma ina tsoron a danne mata shi. Ni kaɗai ba zan iya sa ido ba. Ku taso duka ku gani, mu kewaye kwandon nan.

Yayanka Halilu, da hannuna na rubuta.