Waken Baba da Tokar Kaka

Litinin, 4 ga Maris, 2024

Na gama ƙirga. Buhuna shida da na sa wa haɗin Baba, wato toka da garin ganyen dogonyaro, da ƙyar ake samun ƙwayar wake mai huda a cikinsu. Shidan da ban sa wa komai ba kuwa ƙwari sun mai da su gari. Wata huɗu ina jiran wannan rana. Baba shekara arba'in yana sayar da wake, da wannan haɗin yake ajiya, shi ma wurin mahaifiyarsa ya gada. Yanzu ga shi zai shiga kundin digirina na biyu. Bayana ciwo yake, amma yau ban damu ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Na kai wa Dakta Mustapha, mai duba aikina. Ya daɗe yana kallon hotunan buhunan, bai ko dubi lissafin ba. Sai ya ce, "Sadiyatu, wannan baƙin abin da ya leƙo daga bakin buhu mene ne?"

Na ce leda ce. Haka Baba yake yi: leda biyu a cikin buhu, a zuba wake da haɗin, a matse, a ɗaure tamau.

"Sauran shidan fa?"

Buhu ne kawai, babu leda.

Ya ce to abu biyu na canza a lokaci ɗaya, haɗi da leda, ta ina zan san wanne ya yi aikin? Ya tambayi wa ya zaɓi waken da ya shiga kowane buhu. Ni. Wa ya ƙirga hudar? Ni. Na san buhun da nake ƙirgawa? Na sani mana. Kuma na san wanda nake so ya ci.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa, da na samu abin jin haushi. Ya ce shi ma da laifinsa, ya sa hannu a tsarin bai je ya ga buhunan da idonsa ba. Wannan bai dawo mini da wata huɗu ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Ban fita ba.

Lahadi, 17 ga Maris

Azumi, ga zafi. Na je gida Ƙofar Dundaye da rana don in gaya wa Baba. Ashe ya riga ya shaida wa abokan cinikinsa cewa jami'a ta tabbatar da haɗinsa. Ni na jawo, ni na buga masa waya ran nan ina rawar jiki.

Ya ce, "Ke ba da idonki kinka gani ba? To mi ya rage?"

Na yi ta bayani, leda, buhu, leda. Ni kaina na gaji da jin muryata. Daga ƙarshe ya ce in ɗebi waken da nake buƙata, amma kar in sake kiransa sai magana ta nuna.

Talata, 16 ga Afrilu

An sake daga farko. Wannan karon kashi huɗu: buhu zalla, buhu da haɗi, leda zalla, leda da haɗi. Kowane kashi ƙananan buhuna takwas. Mun juye waken duka a tabarma ɗaya mun cakuɗa, don kar wani kashi ya samu mai kyau wani ya samu marar kyau. Zainabu, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ta rubuta lambobi a 'yan takardu, muka zuba a kwano muka yi ƙuri'a. Har wurin da kowane buhu zai zauna a ɗakin ajiya ƙuri'a ce ta raba, saboda gefen taga ya fi zafi.

Ranar ƙirga ita za ta ɗebo waken, ta tankaɗe tokar, ta ba ni a roba mai lamba kawai. Takardar da ke nuna wace lamba ce wane kashi tana wurin Dakta.

Wato ba a yarda da ni ba. Zainabu ta ce, "Ba ke ba ce, Anti, ido ne ba a yarda da shi ba. Ko nawa."

Asabar, 18 ga Mayu

Wata uku za a jira. 'Yan ajinmu biyu sun riga sun kare kundinsu. Na taya su murna, na ci cincin, na dawo masaukina a unguwar Minanata a keke napep kaina kamar zai tsage.

Laraba, 5 ga Yuni

Ɓera ya huda buhu ɗaya. Na san na wane kashi ne, domin toka ta zubo daga ledar. Na tsaya ni kaɗai a ɗakin ina tunanin in canza ledar in yi shiru, wa zai sani? Har na ɗauko sabuwa. Sai na ajiye, na ɗauki hoto, na rubuta a littafi cewa buhu na goma sha tara ya fita daga gwaji, da dalili. Ba don tsoron kowa ba. Na gaji ne, ba zan iya ɗaukar ƙarya a kan gajiyar nan ba.

Laraba, 17 ga Yuli

Kwana uku ina ƙirga. Ƙwaya ɗari biyar daga kowace roba, ɗaya bayan ɗaya, mai huda dama, lafiyayya hagu. In na rufe ido wake nake gani. Wata roba sai na ji zuciyata ta ce wannan ta Baba ce, amma ban sani ba, kuma rashin sanin ya sa na rubuta abin da na gani kawai.

Alhamis, 18 ga Yuli

Dakta ya fito da takardar.

Leda ce. Leda zalla da leda da haɗi kusan ɗaya suke, duka sun tsira. Buhu da haɗi ya ɗan fi buhu zalla, amma kaɗan, ƙwari sun ci duka biyun. In an toshe iska ƙwarin mutuwa suke. Tokar ba ita ce ke riƙe da waken Baba ba.

Dakta ya ce wannan sakamako ne mai kyau, zai tsaya ko a gaban wa. Na ce to. Ina tunanin Kaka, da hannunta take daka ganyen nan.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na samu Baba a zaure bayan la'asar. Na faɗa masa kai tsaye, ban yi kwana-kwana ba. 

Ya ce, "Zamanin Kakarki babu leda. Tulu taka sa wa, ta liƙe bakin da laka." Sai ya ƙara da cewa, "Ashe liƙin ne."

Na ce watakila, Baba, amma ban gwada tulu ba, ba zan iya cewa ba.

Ya dube ni ya ce, "Ke ma kin koma irin 'yan jami'an nan." Ban gane yabo ne ko zargi ba. Ya ce shi dai ba zai daina sa toka ba, uwa tai ta ba shi. Na ce ba ta cutar da komai.

Talata, 6 ga Agusta

Babi na huɗu ya tafi wurin Dakta. Barci nake so, na mako guda.

Baba ya kira da safe, shi da bai cika kira ba. Wai abokinsa Alhaji Junaid ya dage leda ɗaya ta isa in mai kauri ce, shi kuma ya ce sai biyu, sun yi gardama har an taru. "In an juye wake wuri ɗaya anka raba da ƙuri'a, kamar yadda kunka yi, ai a gane mai gaskiya ko?"

Na ce Baba ni na gama da wake.

Da rana ina jiran shinkafa ta nuna na ga na cika bayan wani katin biki da layukan tsarin gwaji. Kashi uku zai isa, in an samu leda iri ɗaya daga wuri ɗaya. Ban ce zan yi ba. Na dai tambayi Zainabu ko ɗakin ajiyar zai samu a watan Nuwamba.