Rasuwar Malam Dunoma Mele da Makomar Tseren Asabar

Cikin alhini da nauyin zuciya Ƙungiyar Masu Gudun Dogon Zango ta Ƙasar Kazaure ta sami labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayenta, Malam Dunoma Mele, malamin gona, wanda ya yanke jiki ya faɗi a hanyar Babura ranar Talata yana cikin atisaye. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun shekarar samun 'yancin kai marigayin yake gudu, kuma don daɗin abin yake yi. Bai taɓa wuce dattijo a hanya bai durƙusa ya gaishe shi ba, ko da shi ne a gaba. Sau nawa aka wuce shi yana tambayar lafiyar iyali, ya ƙaraso yana dariya! Bana, da aka ce agogo kaɗai zai fid da masu zuwa gasar Kano, kwamiti ya hana tsayawa gaisuwa. Malam Dunoma ya bi doka, ya ninka nisan da yake yi, har da rana tsaka a wannan bazarar, dariyar nan kuma ta ɗauke.

Mun ji abin da ake faɗa a kasuwar Gwiwa, wai agogonmu ne ya kashe shi. Mun kuma ji cewa mutanen Kanya Babba, mahaifarsa, sun rantse ko randar ruwa ɗaya ba za su fitar wa masu tsere ba ranar Asabar, ranar da tserenmu zai ratsa garinsu. Rai na Allah ne, amma ba mu ga laifinsu ba. Sai dai wallahi in babu ruwa a wannan hanya, ɗan wani ne zai sake faɗuwa.

Kwamiti ya zauna, an yi sa-in-sa, har wasu sun yi barazanar ficewa. Abin da aka tsayar shi ne, an janye dokar. Ranar Asabar duk wanda ya iso Kanya Babba zai tsaya a ƙofar gidan mahaifiyar marigayin, Hajja Kaka, ya durƙusa ya yi mata ta'aziyya, agogo yana tafiya. Wanda yake ganin mintinsa ya fi wannan gaisuwar tsada, ya yi zamansa a gida.

Allah Ya jiƙan Malam Dunoma, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba Hajja Kaka da mai ɗakinsa Malama Rahamatu da 'ya'yansa haƙurin wannan babban rashi. Hajja, ba mu da bakin roƙon ruwa a wurinki. Ƙofa kawai muke roƙon ki bar mana a buɗe.

Sama'ilu Daudu Roni
Sakataren Watsa Labarai
Kazaure, Afrilu 1976