Hoton Nana a ƙofar gidan bauta

Yaya Hassana,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigida da yara, ya ƙafar Inna?

Nana tawa, 'yarki, tana wani ƙaramin gari a ƙasar Japon, tana koyon aiki a tsohon gidan wasan kwaikwayo. Ta hau dutse kallon gidan bautar mutanen garin, ta aiko mini hoto tana wanke hannu da baki a ƙofa, wai kowane baƙo haka yake yi. Babanta ya gani a Paris, ya ce, "Alwalar wa take yi a can?" Tun ranar bai ɗauki wayarta ba. Jibi zai iso mana nan Lyon.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ta ji. Ni na tura masa hoton, Yaya, don ya ga ta yi ƙiba.

Ƙanwarki,
Rabi