Na Kira Sunanta a Gaban Kowa

Zuwa ga Hajiya Asabe, uwar gidana,

Assalamu alaikum. Na san babu masinjan da zai kai miki wannan, amma ke na saba fara kawo wa labari idan na yi nasara, kuma tsufa bai canza mini hali ba.

Gida lafiya lau. Gero ya yi kyau a gonar Furfuri, injinan niƙanmu na Sabon Gari suna aiki, jikokinki sun cika gida da ƙiriniya. Ni ne dai ƙodar ta fara gardama, har likita yana maganar wankin ƙoda. Kada ki damu. Mutumin da ya fara da dakon buhu a kasuwar Gusau har ya kafa injinansa, ƙoda ce za ta razana shi?

Abin da ke razana ni daban ne, kin kuma san shi. Tun kina da baki kin ce idan abin ya zo, a bar ki a ɗakinki. Da bakin ya rufe, kowa ya zama mai magana. Wana Yaya Sani ya ce a tafi asibitin Zariya, dangi suka ce babba ya faɗa. Na ce ga abin da kika ce, aka tambaye ni wa ya ji. Ba mu wuce Tsafe ba kika cika, a bayan mota, fuskarki ba ta ko kallon gabas.

To Hajiya, ni ba za a yi mini haka ba. Na sa lauya ya rubuta. Na zauna da likita ya yi mini bayani dalla-dalla, na kai wa liman ya duba, ya ce babu inda ya saɓa wa shari'a. A yi mini magani muddin akwai fatan sauƙi. Idan likitoci suka haɗu a kan babu, kada a ɗaura ni a na'ura, kada a hau titi da ni. A rage mini zafi, a kai ni gida, a riƙa tuna mini kalmar shahada.

Sai lauya ya ce dole in ambaci wanda zai yi magana a madadina ranar da na kasa. Nan gizo ke saƙar. Wa ya dace in ba 'yar farinmu ba? Ita ce ma'aikaciyar jinya, ita ta san abin da allura ke iyawa da abin da ba ta iyawa. Amma ni da ke ba mu taɓa kiran sunanta ba. Inna ta ɗauke ta tun yaye ta tafi da ita Bungudu, muka riƙa ce mata Ta Bungudu, idan ta shigo mu kau da kai kamar baƙuwa. Har kika koma ga Allah kunya ba ta bar ki kin dube ta da kyau ba, alhali na sha ganinki kina leƙenta ta taga idan za ta tafi.

Na tara dangi bayan sallar Juma'a. Yaya Sani ya ce wannan kiran mutuwa ne. Na ce masa shi ma ya sayo likkafaninsa tun daga Makka, ga shi kuwa har yau yana cinye tuwon mutane. Aka yi dariya, shi ma ya murmusa. Sai ya ce to, ko za a naɗa wani, ina aka taɓa ganin ɗiya mace ta yi magana iyayenta maza suna zaune? Wace ce ma a cikinsu? Ya san ko wace ce. So yake kunya ta ɗaure mini harshe, magana ta mutu a nan.

Na miƙe tsaye, na dube ta ido cikin ido, na ce, "Hadiza. Hadizatu ɗiyata, ke na zaɓa."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a hijabinta, amma da aka miƙa mata biro sai ta rattaba hannu nan take. Halinki ne sak. Liman ya sa hannu. Yaya Sani ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a kawo tawada, ya dangwala yatsa a matsayin shaida. Da zai fita ya ja ni gefe, ya tambaye ni ina ofishin lauyan nan yake.

Ban taɓa gaya miki ba, a cikin duk abin da na tara, babu wanda nake alfahari da shi kamar yarinyar nan. Na san ke ma haka ne. Me ya hana mu faɗa wa juna?

Yanzu kullum da safe takan zo auna mini jini, ni kuwa ina kiran sunan har ta fara cewa ya isa haka, Baba. Bai isa ba. Ina kiran nawa rabon, ina kiran naki.

Allah Ya haskaka makwancinki. Idan lokacina ya yi, daga ɗakinki zan taso.

Mijinki,
Alhaji Garba mai injin niƙa, Gusau