Sunan Zinatu a Ƙarshen Waƙa

Liba, 3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da Malam da yara. Ya ɗaliban naki masu sa ki ihu?

Ga wasiƙa kuma ta hannun Labbo direba, tunda likita ya ce in ƙara hutawa da waya, Inna kuwa ta kulle ta a akwati. Yaya, na samu sauƙi sosai. Wata biyar ke nan rabona da jin muryoyin nan da suka addabe ni bayan haihuwar Surajo. Ina shan maganina, ina barci, har na yi ƙibar da rigar da kika ɗinka mini ta ƙi shiga. Jiya ni na yi miya, Inna ta ce gishiri ya yi yawa. Na ce to lallai na warke, dama can haka hannuna yake.

An sa rana. Juma'ar ƙarshen wata Baban Surajo zai zo ya mayar da ni ɗakina a Danwarai. Ina ɗoki, ina kuma tsoron idon mutane, don na san ba su manta ranar da na fita titi ba mayafi ba. Ya aiko cewa ya tanadar mini kyautar da ba a taɓa yi wa wata mace irinta a garin ba. Kin san shi da son burgewa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Zinatu

Jega Firchin, 7 ga Maris

Zinatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, na kuma ji daɗin labarin ƙiba. Amma ki zauna kafin ki karanta sauran.

Na ji kyautar mijinki da kunnena, a cikin keke, a hanyar makaranta. Ɗanasabe, mawaƙin nan da samari ke rububinsa, ya saki sabuwar waƙa mai suna "A Sa Ta Turu". Tun daga farko cin mutuncin mata ne. Wai kowace mace da taɓin hankali aka haife ta, in ta yi magana ciwon ne ya motsa, maganinta kawai a ɗaure ta. Abin haushin, kiɗan da daɗi, har mai keken yana kaɗa kai. Can ƙarshe, inda ake jero sunayen waɗanda suka biya a gaishe su, sai na ji: "Gaisuwa ga Zinatu, matar Haliru mai albasa, Danwarai!"

Tsayar da keken na yi na ƙarasa a ƙasa, ina tafe ina huci.

Duk wanda ya san ciwon da kika yi zai ce don ke aka yi waƙar. Kada ki koma garin nan su yi ta nuna ki da baki. Ki taho Jega, a nan ba wanda ya san fuskarki. Shi kuwa Haliru ki bar ni da shi.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki,
Shafa'atu

Danwarai, 9 ga Maris

Zuwa ga uwargidana, Maman Surajo,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa ga Inna da mutanen gida, ina fatan jiki ya ƙara kyau.

Yaya Shafa'atu ta same ni a kasuwar Aliero, ta wanke ni tas a gaban masu lodin albasa. Ita ke da gaskiya.

Wallahi ban ji waƙar ba kafin ta fito. Na ga abokaina suna ba da sunayen matansu a sa a waƙa, matan suna murna. Na ce tawa da ta sha wuya ta fi kowa cancanta. Na aika wa Ɗanasabe sunanki, na ce ya sa a waƙarsa ta gaba. Ban tambayi ta mece ce ba. Irin waƙoƙin nan kullum muna jin su wajen aiki muna dariya, ban taɓa tsayawa na saurari abin da suke cewa ba sai da sunanki ya shiga.

Na je na same shi. Ya rantse bai san kin yi rashin lafiya ba, ya ce zai koma sitidiyo ya cire sunan in kin ce a cire. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Idan kin fasa dawowa, ba ni da bakin magana.

Ki yafe mini don girman Allah.

Mijinki,
Haliru

Liba, 20 ga Maris

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na jinkirta amsa don ina so in san raina tukuna.

Na ari wayar maƙwabciya na ji waƙar. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka wuni guda, na ƙi cin abinci, har Inna ta tsorata ko ciwon ne zai dawo. Bai dawo ba. Baƙin ciki ne kawai irin na kowa, ya zo ya wuce.

Kin san Inna tana ce wa mutane wankan jego ne ya tsawaita. To waƙa ta fasa mana ƙwai, kowa ya haɗa zancen. Ranar Talata sai ga Gwaggo Tabawa ta bakin rijiya ta yi sallama. Ta daɗe tana kame-kame, sannan ta ce, "Ke ta Zinatun waƙa? An ce kin yi ciwon ga kin warke. Ɗiyata, mi anka ba ki?"

Ashe surukarta Rahama wata uku ke nan tana kulle a ɗaki tun da ta haihu, ba wanda ya sani. Na je na gan ta. Yaya, kamar na kalli madubi. Na riƙe hannunta na ce ni ma na ji muryoyin, ga ni yau ina goya ɗana. Na gaya musu addu'a muna yi, magani kuma muna sha. Bayan su, wasu mata biyu sun zo daga Maiyama, tambayar ɗaya ce.

Waƙar dai banza ce, har gobe ban yafe wa mai ita ba. Amma ban taɓa jin nauyi ya sauka daga kaina kamar makon nan ba, don yanzu ba ni da abin ɓoyewa. Na gode da tayin ɗaki, sai dai na gaji da ɓuya, ba zan koma inda ba a san ni ba. Haliru kuma wauta ya yi, ba mugunta ba, wankin da kika yi masa ya isa.

Taki har kullum,
Zinatu

Liba, 23 ga Maris

Baban Surajo,

Sallama. Inna na amsawa, Surajo ya fara rarrafe.

Na yafe, ka ci abinci. Ka zo ranar Juma'a da motar Labbo, don wata mai irin ciwona, Rahama, da surukarta za su bi mu, mu fara kai su asibiti.

Ka ce wa Ɗanasabe ya bar sunana inda yake, masu nemana ta nan suke samuna. In gyara yake so, ya cire sauran waƙar.

Na san ka, za ka so ka bi da ni ta bayan gari. Ta tsakiyar kasuwa za mu shiga, kuma a gidan gaba zan zauna.

Matarka,
Zinatu